Karatun Kwamfuta a Gindin Darbejiya

Bana azumi ya sake faɗowa a bakin bazara. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gida wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai hucin duwatsun nan na Dutse ya taso ya dake ni a fuska. Nan take na ji kamar na taɓa yin wannan azumin. Da na yi lissafi sai na ga haka ne, watan ya zagayo ya dawo inda na bar shi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, wato azumin farko bayan an yanke mana jiha daga Kano.

Zan faɗi abin da na tuna. Inda na yi shakka zan ce na yi shakka, don ba na son in ɗora wa kowa abin da bai yi ba.

A lokacin Dutse ba ta shirya karɓar baƙi ba, sai ga ma'aikata an juye mata a ka kamar an zazzage buhu. Ɗaki ya yi wuya. Mu shida muke kwana a wani shago da aka kwashe buhunan gyaɗa daga ciki, ƙamshin gyaɗar bai taɓa barinmu ba. Ruwa kuwa sai ka tare ɗan garuwa tun a bakin rijiya, in ka jira ya shigo unguwa wani ya riga ka. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwo ne, in an samu fura a ɗora. Kafin hantsi ya dubi ludayi rana ta fara aikinta. Duwatsun su sha zafi tun safe, da yamma su amayo shi, har ka rasa gane wanne ya fi, na sama ko na ƙasa. Leɓe ya tsage, yawu ya yi kauri. Mukan jiƙa rawani ko tsohuwar riga mu ɗora a ka, kafin ka kai ofis ta bushe ƙayau.

Ofishinmu gidan haya ne mai ɗaki uku. Ni ne sabon ɗauka, na gama jami'a da digirin lissafi da kwamfuta, ko da yake, in za a faɗi gaskiya, a jami'ar ma layi muke bi kafin mu taɓa injin. Ba a tabbatar da ni a aiki ba tukuna, kuma wannan abu yana cikin raina dare da rana. In Darakta ya yi tari a ɗakinsa sai in miƙe tsaye a nawa.

Ana saura kwana kaɗan a ga wata aka kawo mana kwamfuta guda ɗaya a kwali. Aka ajiye ta a ɗakin Darakta, aka lulluɓe ta da farin ƙyalle, aka ba ni mabuɗi don in riƙa goge ta. Wutar gari ba ta zuwa unguwarmu sai ta ga dama, janareta kuma ba a tayar da shi sai da izini, don mai ya yi ƙaranci.

Tare da injin aka zo da takarda daga sama. Masu buga tafireta za su yi jarrabawa kafin Sallah. Wanda ya ci ya koma kan kwamfuta, wanda ya faɗi a sallame shi.

Masu tafireta biyu gare mu. Hajiya Asabe ta yi makarantar koyon aikin ofis, Turanci a bakinta kamar ruwa, ba wanda ya ji mata tsoro. Ɗayan shi ne Baba Haladu, mutumin Aujara, wanda ya fi shekara ashirin yana buga takardun gwamnati tun a Kano. Aji huɗu ya yi a firamare, sauran karatunsa na allo ne da na zaure. Zai kwafe maka shafin Turanci ba tare da ya dubi yatsunsa ba, ba kuskure ko ɗaya, amma ka ce ya yi maka bayani da Turancin, nan gizo ke saƙa. Kowa a ofis ya san takardar nan da shi take. An ce Darakta yana da wanda ya tanadar wa kujerar. Ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba.

Darakta ya miƙo mini wani ɗan littafi da kamfanin ya haɗo da injin, cike da kalmomi da ma'anoninsu.

"Ka koya musu abin da ke ciki, yadda yake a ciki," in ji shi. "Da Turanci. Inji kuma kada wanda ya taɓa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Kwana biyu ina karanta musu littafin a tsaye kamar mai shela. Hajiya tana rubutawa, Baba yana kallon bakina. Rana ta uku bayan azahar ya kama hannuna ya ja ni bayan ofis, gindin wata darbejiya da ba ta da inuwar kirki. Ya shimfiɗa buzunsa ya ce in hau. Shi kuma ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya buɗe littafin a cinyarsa.

Na ce, "Haba Baba, ka girmi mahaifina."

"A nan ban girmi kowa ba. Ba haka ake karatu ba, Malam Nuhu. Ni zan ja baƙi, kai ka ba ni ma'ana, in ce na'am. In na riƙe mu wuce, in ban riƙe ba mu kwana a nan. Haka na ɗauki kowane littafi da na sani."

Na waiga na dubi tagar Darakta. A rufe take. Na zauna.

Ya ɗora yatsa ya ja kalmar farko: "Furogiram."

Na fara: "To, wataƙila za a iya cewa, a wani ƙaulin, ko da yake masana sun ɗan saɓa, wani nau'i ne na tsari wanda…"

"Malam. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Ai Baba, abin yana da faɗi."

"Mai azumi ba shi da yawun wataƙila. Ma'anar da ta wuce numfashi ɗaya ta zama hira. Sake."

Hajiya Asabe, wadda ta biyo mu da kujerarta, ta kwashe da dariya. "Baba, wannan ko sunansa ka tambaye shi sai ya ce yana kyautata zaton Nuhu ne."

Na ji kunya, na sake sassaƙa ta a raina. Sannan na ce, "Furogiram jerin umarni ne, ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aikacin da ba ya gajiya kuma ba shi da wayo."

"Na'am," in ji Baba. Ya maimaita sau uku, ya rubuta da ajami a gefen shafin.

Haka muka shiga goman farko na azumi. Kalma uku a rana, wani lokaci biyu in zafi ya yi yawa. Ni na fi kowa wahala, don kafin in zo sai na yi ta sassaƙa ma'ana a raina har ta shiga numfashi ɗaya, kuma kullum ina tsoron kada in rage abin da bai kamata a rage ba. Har yau ina iya jero wasu. Bit: eh ko a'a, kunne ko kashe, ba na uku. Bayit: bit takwas, gidan harafi ɗaya. Darektori: durowar da ake jera fayiloli. Dos: maigadin inji, shi ke buɗe ƙofa, shi ya san inda aka ajiye komai. Besik da Kobol: harsunan da mutum ke rubuta umarni da su. Kwampaila: tafinta, yana juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da inji ke ji.

Ranar da muka zo kan Aski, Hajiya ta ce in dai da wanzami a cikin injin to a fara da gemun Baba. Na ce yarjejeniya ce da aka yi cewa kowane harafi yana da lambarsa, don inji ya gane rubutun ɗan'uwansa.

"Kamar mudun kasuwa," in ji Baba. "In kowa ya zo da nasa, ciniki ya ɓaci."

Na ce, "Kusan haka."

"Kusan, ko haka?"

"Haka."

Lup ne ya fi ba shi daɗi. Na ce maimaita aiki ne har sai sharaɗi ya cika, kamar mai jan guga har randa ta cika.

"In randar a fashe take fa?"

"Sai ya yi ta ja."

"Har yaushe?"

"Har a zo a kashe inji."

Ya girgiza kai. "Allah sarki. Na san ma'aikata irinsa."

Bog kuwa shi ya ƙarasa mini ita. Na ce kuskure ne a cikin furogiram. Ya ce, "Na wa? Na injin?" Na ce a'a, na wanda ya rubuta. Ya ce, "To rubuta: kuskuren mai gida da ake ɗora wa bara. Wannan na fi ka saninta."

In rana ta yi sanyi mukan tashi tare. Matar Baba tana Aujara, amma duk ranar kasuwa sai ta aiko masa da garin kunu da tsamiya a motar haya. Hajiya takan aiko da ƙosai daga gidanta, ni kuma dabino ne nawa, don shi kaɗai ne abin da bai yi wuya a Dutse ba. Mukan zauna da kwano ɗaya a tsakiya, kunne yana wajen masallaci. Ban taɓa shan abin da ya kai kurɓin farko na kunun tsamiyar nan ba, mai ɗumi, yana sauka kana jin hanyarsa har ciki. Yanzu akwai ƙanƙara a kowane lungu, ɗaliban jami'a da ke zuwa daga Kafin Hausa kuma kowa da injin da ya fi namu a aljihunsa. Ban sani ba ko kunun ne ya canja ko harshena.

A goman tsakiya na yi abin da har yau in na tuna gabana yake faɗuwa. Wata Alhamis Darakta ya tafi Kano da hantsi, kuma aka yi sa'a wutar gari ta zo. Na daɗe ina jujjuya mabuɗin a aljihu. Na ce a raina, an ce kada a taɓa, amma kuma ba a ce kada a gwada ko tana aiki ba. Da wannan 'yar hujjar na buɗe ɗakin, na yaye ƙyallen, na kira Baba.

Ya cire takalmi a ƙofa. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora yatsu. Da farko yana dukan maɓallan kamar zai huda su, yana kai hannu gefe yana neman sandar da ake turawa a ƙarshen layi. Kafin minti goma hannunsa ya gane. Ya ɗauko wani dogon rahoto ya fara kwafa, koren rubutu yana gudu a gilashi, Hajiya tana tsaye a bayansa tana cewa, "Kai, tsoho, a hankali, kada ka ƙona musu kaya." Ya cika shafi huɗu. Ni kuma ina bakin taga ina gadin hanya, shi ya sa ban lura da abin da bai yi ba.

Sai wuta ta ɗauke.

Da ta dawo bayan ɗan lokaci na tayar da injin. Babu komai. Baba ya dubi gilashin, ya miƙe ya leƙa bayansa, ya ɗaga ƙyallen, ya duba ƙarƙashin tebur.

"Ina takardata?"

"Ba ka adana ba, Baba. Laifina ne, ban…"

"Na buga ta. Da hannuna na buga ta, kana gani."

"Ka buga, amma ba ta zauna ba."

"Shekara ashirin da huɗu," in ji shi, "abin da na buga ya bugu. Ko gobara aka yi a ga toka."

Ya sa takalminsa ya fita. Ranar bai sha ruwa da mu ba. Washegari Juma'a ya hau mota ya tafi Aujara, Hajiya ta ce ya gaya mata gara ya je ya fara sharar gona, tun da ita ƙasa ba ta cinye aikin mutum a gabansa. Na yi kwana biyu ina zargin kaina. Ina ganin da na tsaya a kansa maimakon taga, da hakan ba ta faru ba.

Ran Litinin bayan azahar na leƙa bayan ofis ba don ina sa rai ba. Buzu yana shimfiɗe. Baba yana zaune a ƙasa, fuskarsa ta ƙara baƙi saboda rana.

"Hau," in ji shi. "Yau ni zan ba da ma'ana, kai ka ce na'am in ta yi. Jiya ina tsaye a bakin rumbuna na gane. Wannan da kuke ce wa Ram, shanya ce. Hatsi yana nan a fili, kana gani, kana murna, hadari ɗaya ya kwashe. Diski shi ne rumbu. Adanawa kuma ɗauka ce daga shanya zuwa rumbu. Wanda ya bar hatsinsa a waje bai isa ya zagi ruwa ba."

Na ce, "Na'am."

"To ja mu je. Ba za su kore ni ina zaune ba."

Ranar jarrabawa ta faɗo a goman ƙarshe, ina zaton ashirin da shida ga wata. Tun safe gari ya yi gumi, wani hadarin ƙarya ya taru a gabas ya tsaya, iska ta ɗauke ɗif. Kamfanin ya turo wani saurayi mutumin kudu, mai fara'a, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Aka tayar da janareta don girmama baƙo. Muka taru a ɗakin Darakta, injin yana kunne a gefe ba wanda ya kula shi, don tambayoyin duk na baka ne.

Hajiya ta amsa nata cikin minti biyar, ta koma ta zauna. Aka kira Baba.

Baƙon ya tambaye shi da Turanci mene ne kwampaila. Baba ya gane tambayar sarai. Ya buɗe baki, na ga yana laluben Turancin, ya kama kalma biyu suka suɓuce. Sai ya gyara tsayuwa ya ce da Hausa, "Tafinta ne. Yana juya abin da mutum ya rubuta zuwa abin da inji ke ji."

Baƙon ya ɗaga gira, ya sake jefa wata. Baba ya amsa. Ya jefa ta uku, ta huɗu. Baba yana amsawa kamar mai biya hadda, ba gargada.

Darakta ya buga tebur. "Malam Haladu, nan ba zaure ba ne. Turanci aka tambaye ka. Kwamfuta ba ta jin Hausa."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, ba ta jin Turanci ma."

Darakta ya juyo wajena.

"Me ka ce?"

"Kunne da kashe kawai take ji. Bature ma da tafinta yake mata magana. Duk amsar da Baba ya bayar daidai ce, ni na koya masa, kuma da Hausa na koya masa."

"Na ce ka yi haka?"

"Ba ka ce ba."

"An tabbatar da kai a aiki?"

"Ba a tabbatar ba, ranka ya daɗe."

Ya dube ni har na ji kamar in nutse. Sannan ya jawo takarda ya rubuta sakamako da hannunsa, ya karanta mana: Asabe ta ci, Haladu bai iya aiki da kwamfuta ba, a sallame shi. Ya tura wa baƙon don ya sa hannu. Baƙon ya ce shi a ƙa'idar aikinsu ba ya karɓar rubutun hannu, sai an fitar da sakamakon daga injin, don ya zama shaida cewa injin yana aiki.

"Nuhu, zauna ka buga," in ji Darakta.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a takardar ɗaukata aiki ba a sa buga takarda ba. Ofishin nan yana da masu yi."

Darakta ya juya wajen Hajiya. Ta gyara mayafi ta ce, "Yallaɓai, ni takardun waje nake bugawa. Abin da ya fito daga teburinka Baba ke bugawa tun muna Kano. Kai ka raba mana aikin, kuma har yanzu ba ka sa hannu a sallamarsa ba."

Kafin Darakta ya ce wani abu Baba ya riga ya isa kujerar. Ya ɗauki takardar, ya kafa ta a gefe yadda ya saba, ya yi bisimilla. Bai dubi kowa ba. Ya buga kan takarda, ya buga sunan Hajiya, ya buga nasa sunan da hukuncin da aka yanke masa, harafi bayan harafi, bai canja ko ɗigo ba. Ya adana, ya ba da umarnin fitarwa, injin bugawa ya kama ƙara kamar ana yaga atamfa. Ya yage takardar, ya miƙa wa Darakta da hannu biyu.

Akwai wata al'ada ta masu buga takardun ofis. A can ƙasa ta hagu sukan sa haruffan farko na sunan mai takarda da manyan baƙaƙe, su ja karan tsaye, sannan su sa nasu da ƙanana, don in an sami kuskure a san wanda za a kama. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati can yake fara dubawa. Baba ya sa nasa, kamar yadda yake sawa a kowace takarda.

Baƙon ya karɓa ya karanta, ya kai ƙasa, ya tambayi Hajiya ma'anar haruffan. Da ta gaya masa sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Oga, ni ba sa hannu. Takarda ya ce baba bai iya, takarda kuma baba ya yi shi."

Darakta bai yi dariya ba. Ya ninke takardar sau huɗu ya sa a aljihu, ya ce a kashe janareta, mai yana ƙonewa. Ba a sake tayar da maganar ba. Baba Haladu ya zauna a kan injin nan har ya yi ritaya da ƙafarsa.

Mako biyu bayan Sallah ina zaune a teburina sai ga Baba ya shigo da ambulan, ya tsaya yana jujjuya ta. Na buɗe. An mayar da ni Garki, can wani lungu na jihar, in kama aiki cikin kwana bakwai, batun tabbatarwa kuma sai an sake dubawa. Rubutun inji ne. Na kai ido ƙasa ta hagu.

"Ka yi haƙuri, Malam," in ji shi. "Ni aka ba."

"Na gani, Baba."

Sai ya matso ya leƙa takardar ta saman kafaɗata.

"Duba mini da kyau. Akwai kuskure?"

Na karanta tun daga sama har ƙasa, sau biyu.

"Babu," na ce.